Sunan Hajja na Tsakiya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da rakiyar da na yi wa uwar mijina zuwa Yamai ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar aiki a buro, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Bari in fara da inda girman kaina ya samo asali. Ni sakatariya ce a wata makarantar lise a nan Damagaram, kuma an taɓa tura ni Dakar wani ɗan horo. Sau ɗaya tak na taɓa hawa jirgi ke nan (kuma gaskiyar magana, rabin tafiyar idona a rufe yake ina karanto duk addu'ar da na iya). Amma da na dawo, sai na zama gwanar harkar jirgi a dangi kaf. Ko yara suka ga jirgi ya gifta ta saman unguwar Birni, ni ake tambaya ina ya nufa. Ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba.

Uwar mijina, wadda kowa ke kira Hajja, 'yar Barebari ce, mai sana'ar turaren wuta da humra. Mace ce mai sanyin magana, ba ka jin ɗaga muryarta ko a kan jikoki. Tun da na shigo gidan ba ta taɓa ɓata mini rai ba, ni kuma ina jin nauyinta ƙwarai. Sunanta na yanka kuwa ko kusa ba ya fita bakina. 'Yata ta fari sunanta ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi.

To, sai Zara ƙanwar mijina, da ke aure a Abijan, ta haihu. Haihuwar fari ce, ta kuma sha wuya, kullum tana kuka a waya tana cewa Hajjarta take so. Aka yanke shawara Hajja ta tafi ta jirgi don ta isa kafin suna. Wa zai sayi biye, wato tikitin jirgi? Ai ba sai an tambaya ba.

Na zauna a tsakar gida da salula a hannu, na ɗora ƙafa kan ƙafa. Mijina ya ce, "Bari in je ɗakin Hajja in karɓo fasfo ɗinta, ki kwafa daga ciki."

Na ce, "Haba dai, kujeru ƙarewa suke yi. Sunan da 'yata ta ci ne zan kasa rubutawa?"

Na rubuta Falmata, na rubuta sunan mahaifinta Bukar, na danna. (Allah ya yafe mini, ga shi na ambaci sunan, amma dai wannan a rubuce ne.)

Mijina bai samu izini a wurin aiki ba, don haka ni aka ce in raka ta Yamai. Muka hau kar, babbar motar fasinja, tun da asuba. A hanya, bayan mun wuce Takeita, Hajja ta taɓa jakarta ta ce, "'Yata, ko za ki dubi fasfo ɗin nan ki gwada da takardar jirgin?"

Na yi murmushi irin na masana, na ce, "Hajja, ki kwantar da hankalinki, komai na cikin na'ura." Ta ce to, ta miƙo mini dabino.

Washegari da safe muka isa filin jirgi, muka shiga layi. A bayanmu sai ga Hajiya Rabi, wata 'yar kasuwa daga unguwarmu, ita ma za ta Abijan saro kaya. Mace ce da in ta ga abu da hantsi, kafin azahar an ji shi a duk gidajen Birni. Muka gaisa, na ƙara gyara tsayuwa, don ina so ta ga yadda ake yi.

Da layi ya zo kanmu, na miƙa wa saurayin da ke gishe, wato teburin duba takardu, fasfo da biye. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi na'urarsa. Ya ce, cikin ladabi, "Madam, akwai 'yar matsala. A fasfo suna uku ne, a biye biyu. Babu na tsakiya."

Na ce, "Wane na tsakiya?"

Ya juyo mini fasfo ɗin. Ga shi nan ɓaro-ɓaro tsakanin sunayen da na sani: Gaptiya. Ban taɓa jinsa ba a rayuwata.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya nemi alfarma. Ni kuwa sai na tuna Hajiya Rabi na bayana, na juya harshe zuwa Faransanci. Na ce masa ni ba baƙuwar jirgi ba ce, na je Dakar, na san doka. Ya ce shi ba ya da ikon bari Hajja ta wuce sai an gyara, don can inda za ta sauka za su iya tsare ta. Na ce hotonta ne ko ba nata ba? Ya ce nata ne. Muryata ta fara hawa, mutane suka fara leƙe. Ya ce, "Madam, ni ina so in tabbatar ne mai biye ita ce mai fasfo."

Nan ne kaina ya kwance. Na buga tafin hannu a kan gishe, na nuna Hajja da yatsa, na koma Hausa da ƙarfin da har masu gadi suka waiwayo: "Falmata ce! Falmata Bukar! Ga Falmata nan tsaye a gabanka!"

Wurin ya yi tsit. Ni kaina sai da maganar ta gama fita na ji abin da na faɗa. Yatsana na nan a miƙe, ya ƙi saukowa.

Sai na ji murya a gefena, a hankali, kamar mai amsa sallama: "Na'am."

Layin ya fashe da dariya. Har saurayin gishe ya rufe baki da fasfo. Na ji Hajiya Rabi tana ce wa ta kusa da ita, "Matar ɗanta ce fa." Da akwai rami a wurin, da na shige na ja ƙasa na rufe kaina.

Hajja ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata fuska ba. Ta kama yatsan nan nawa ta sauke shi, ta riƙe hannuna ba ta saki ba. Ta dubi Hajiya Rabi ta ce, "'Yata ce, Rabi. Wurin hukuma aka zo, dole wani ya faɗi sunan, ni kuma muryata ba ta kai." Sannan ta juya ga saurayin. "Yaro, aikinka kake yi, kuma daidai ka yi. Wannan sunan ko 'ya'yan da na haifa ba duka suka san shi ba, balle ita da kunya ba ta taɓa barinta ta tambaye ni ba. In akwai babbanku, kira mana shi. Za mu jira."

Ta ja ni gefe, ta zauna a kan akwatinta kamar tana tsakar gidanta. Ni ina tsaye, hawaye na zuba, ina jin ana kiran fasinjojin Abijan. Na durƙusa na ce, "Hajja, ki gafarce ni. In jirgin nan ya tashi ba ke, da wane ido zan dubi Zara?"

Ta ce, "Tashi, zaninki zai yi datti. In ya tashi, wani zai zo." Sai ta ƙara da cewa, "Gaptiya kakata ce, a Gaffati ta rene ni. Da za a yi mini katin shaida, na ce a sa sunanta don kada ya ɓace. Yau ga shi har ya tsayar da jirgi. Da tana da rai da ta ji daɗi."

Shef ɗin, wato babbarsu, ta zo, wata mata mai tabarau. Hajja ta miƙe ta gaishe ta, ta yi mata bayani a taƙaice, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Matar ta gwada ranar haihuwa da sauran sunayen, ta buga waya, ta yi 'yan danne-danne, ta ce an ƙara sunan, amma a yi sauri. Hajja ta sa mata albarka, ta sa wa saurayin, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofar da 'yan rakiya ba sa wucewa, ta waiwayo ta ce mini, "Ki ci abinci kafin ki hau kar, tun jiya ba ki ci abin kirki ba."

Ta isa, aka yi suna da ita, ta zauna har Zara ta gama wanka. Ni kuwa na dawo Damagaram ina jiran ranar da labari zai fashe. Shiru. Daga baya na ji ashe a cikin jirgi kusa da Hajiya Rabi Hajja ta zauna. Ban san me ta gaya mata ba, amma matar nan da ba ta iya riƙe magana, wannan ta riƙe ta. Mijina ma bai sani ba sai da ni da bakina na ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware.

Yanzu duk wanda ya ce in saya masa biye, ko a cikina ya kwanta, sai ya ajiye fasfo a gabana in kwafa harafi bayan harafi. Na kuma gane cewa kuskuren takarda, matar nan mai tabarau ta gyara shi kafin shayi ya huce. Na baki kuwa ba na'urar da ke goge shi, sai dai in Allah ya haɗa ka da suruka irin tawa, wadda za ka ƙwala mata kira a bainar jama'a ta amsa maka, ta kuma tambaye ka ko ka ci abinci.