Majinyacin Kujerar Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ni, mai koya wa malamai koyarwa, na koma kayan aiki a ajin ƙaramata a wurin aiki.

A cibiyar koyon sana'a da nake aiki a unguwar New Bell, idan an ɗauki sabon malami sai a haɗa shi da tsohon hannu ya riƙa yi masa jagora. Ni aka haɗa da Malama Zuwaira, mai koya wa ɗaliban aikin jinya taimakon gaggawa. Lissafi nake koyarwa, amma hakan bai hana ni cika ta da nasiha ba (a gida ma an san ni da wannan ciwon). Biyu na fi nanatawa: kada ta bari kowa ya yi barci a ajinta, kuma duk abin da ta tarar a aji ta mayar da shi kayan koyarwa.

Sai ga ranar da darakta za ta shiga ta ga darasinta, ta yanke ko a riƙe ta ko a sallame ta. Tun safe Zuwaira ke haɗa kayan darasi, ga shi mutum-mutumin robar da ake gwaji da shi wani malami ya kulle a ofis ya tafi unguwar Akwa da makullin. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, zan zauna a kujerar baya, duk lokacin da ta rikice ta dube ni kawai.

Abincin rana ne ya kashe ni. Wani abokina ya kawo kifi daga kasuwar Youpwé, aka gasa, aka haɗa da bobolo, wato curin rogon da ake dafawa a ganye, da barkono, na ci ban ɗaga kai ba. Na shiga aji ciki fal, aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ruwa ya fara sauka a hankali kan kwano. Na tuna Zuwaira ta ce mu fara. Na tuna na ce bari in lumshe ido don in fi fahimtar bayaninta. Sauran labarin ɗalibai ne suka ba ni.

Wai minshari na yi, irin wanda wata ta ɗauka babur ne ya tsaya a bakin taga. Aji ya fara ƙyalƙyala dariya, daidai nan darakta ta turo ƙofa. Zuwaira ta dubi jagoran nata, ga ni nan baki a buɗe, kai a jingine da bango. Sai ta ce wa ɗalibai su taso, ga mutum an tarar a hanya ba ya motsi, me za a fara dubawa?

Na farka na ji yatsun wani ƙato a wuyana, wani kuma ya kara kunne a hancina yana sanar da cewa akwai numfashi, har da ƙamshin kifi. Na buɗe ido, ga fuskoki sun zagaye ni, ga darakta ta harɗe hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yunƙura zan tashi, Zuwaira ta sunkuyo ta ce ƙasa-ƙasa: "Yaya, don Allah ka ci gaba da suma. Aikina yana hannunka."

Na mayar da ido na rufe. Suka sauke ni kan tabarma, suka juya ni gefe, suka lanƙwasa min gwiwa, wani har da yi min fifita da hulata.

An riƙe Zuwaira a aiki. A taron malamai darakta ta ce ba ta taɓa ganin jagoran da ya ajiye girmansa haka don ƙaramarsa ba, sannan ta dube ni ta saman tabarau: "Minsharin nan kuwa, Malam, c'est du talent, baiwa ce babba." Ta sani, ni ma na san ta sani.

Yanzu duk shekara idan sababbin ɗalibai suka zo, ni ake aiko wa in zo in suma, mutum-mutumin kuma yana can yana hutawa. Abin da na koya shi ne, kafin ka ba mutum shawara ka tabbatar ba a kanka zai fara gwada ta ba. Kifi kuwa, sai an tashi daga aiki.