Inna a Tukunyar Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na fara koyarwa a Damagaram ba. Daga Gidimuni aka turo ni wata lakwal, wato makaranta, a Zango, na kama ɗaki a gidan haya. Ban san kowa ba. In na taso daga aiki, daga ni sai bango.

Don in rage kewa na sayo furanni na jera su cikin baƙaƙen bokitai bisa sumunti (wai ni 'yar birni). Rana ta dafa su tun daga saiwa. Lalle kaɗai ya tsira, wanda na taho da irinsa daga gida na shuka a tukunyar ƙasa, bayan zanan da ya kare ƙofata. Marigayiya mahaifiyata ce ta dasa uwarsa, shi ya sa na sa masa suna Inna.

Kullum da safe sai in ce, "Inna, kin tashi lafiya? Ga ruwa, sha kafin rana ta yi." Da yamma in ba ta labarin 'yan aji. Na manta zana ba ya tare magana.

Rannan sai ga kwanon tuwo, Hajiya mai gidan ta aiko, wai a ba Innata da ta zo baƙunta. Da ina da hankali, da nan na faɗi gaskiya. Amma ranar ce aka fara yin sallama a ƙofata, kuma wallahi na ji daɗi. Na karɓa na cinye (miyar kuka ce da man shanu, ku yi mini adalci). Washegari fura ta zo, ita ma na shanye.

Ranar Juma'a sai ga Hajiya da matan gidan, an sha lulluɓi, ga goro a hannu.

"Madam, mun zo gaida Inna. Ko barci take?"

Na ɗaga yatsa na nuna tukunya.

Wata ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Hajiya ta dubi lallen, ta dube ni.

"Ita Innar taki fa?"

"Ta rasu, Hajiya."

Sai Hajiya ta damƙa mini goron. "Allah ya jiƙanta. Ke kuma ki riƙa fitowa tsakar gida, 'yata. Mu muna amsa gaisuwa."

Har na bar gidan, in zan shiga ɗaki sai an ce, "Madam, a gaida mai ganye." Na koyi darasi dai: in kewa ta dame ki, nemi mai kunne. In kuma dole sai da shuka za ki yi hira, to ki rage murya.