Nama Na Ƙasa: Dabarun Sa Yara Cin Ganye Suna Godiya

Ke uwar gida, matso kusa. In kina da yaran da ba su yarda abinci abinci ne ba sai sun ga ƙashi a ciki, to kakarki ta yanke saƙa. Matakai bakwai ne kacal. In kika bi su sau da ƙafa, na ba ki wata uku, za ki ga ɗanki na cikinki yana rigima a kan karoti. Ba a littafi na karanta ba. Habsatu ce ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a gidanta da ke Bobiel, nan Yamai. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ba ta da tsawo.

Mataki na ɗaya: Ki samu dalili mai ƙarfi, sannan ki ɓoye shi

Ba a raba Bahaushe da nama don nishaɗi. Dalilin Habsatu mijinta ne, Salisu, ma'aikacin gwamnati, mutumin Tawa, jikan mahauta, wanda ko shayi aka ba shi sai ya leƙa kofin ko akwai tsoka. Wata Talata jiri ya ɗebe shi a wurin aiki, aka kwashe shi sai asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, ga babban yatsan ƙafarsa ya kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce ko ya bar nama da kitse, ko su bar shi kwance. Habsatu ta ji tsoro ƙwarai, don ta yi jinyar mahaifin Salisu shekara huɗu bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ta san abin da ake nufi da kwanciyar.

Shi kuwa gogan, a hanyar gida ya kafa sharaɗi. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a zuba masa ganye yara na tauna ƙashi a gabansa. In za a yi rejim, wato a bi dokar likita a kan abinci, gidan duka zai yi, in ba haka ba a bar shi da Allahnsa.

To, a nan ki kama bakinki. Kada ki gaya wa yara uban ba shi da lafiya, za su tsorata. Kada kuma ki kuskura ki furta kalmar "lami" a gabansu. Miyar da ba nama lami ce, kowa ya sani, amma yaron da ya ji kalmar zai kai ta makaranta, daga can ta zagayo unguwa, kafin la'asar an ce an kori mijinki daga aiki.

Mataki na biyu: Ki jingina da tarbiyya

Iyayenmu sun yi mana gata da suka ce yaro mai kunya ba ya kai hannu ga nama sai ya gama cin tuwo. Wannan doka taki ce, ki more ta. Ki zuba miyar kuɓewa ko ta yakuwa ta rufe komai, ki ajiye kwano, ki ce da murya ta mai gaskiya, "Ku ci, nama na ƙasa."

Habsatu na da yara biyu: Zulaiha mai shekara goma sha ɗaya, mai ido kamar na ɗan sanda, da Habibu mai shekara bakwai, wanda ya gado uban a wajen ciki. Ranar farko suka share kwano tas, suka tarar da ƙasan kwano. Uwar ta ce ƙila ya narke, don naman yanzu ba shi da ƙwari. Rana ta biyu ta ce mage. Rana ta uku Habibu ya zo da ludayi, ya fara daga ƙasa kamar mai haƙar rijiya, ya ɗago ya ce su fa ba su da mage.

Wannan matakin kwana uku yake yi, bai taɓa kaiwa huɗu ba. Ki yi saurin wucewa.

Mataki na uku: Ki raɗa wa awara sabon suna

Ki sayi awara ɗanya, ki sa ta a firigo ta daskare, ki fito da ita ki matse ruwan, za ta yi tauri ta riƙa jan haƙori. Ki yanka ƙanana, ki shafe su da garin ƙuli da yaji da ɗan mai, ki jera a tsinke da albasa da tattasai, ki gasa a kan gawayi yadda hayaƙin zai tsallaka katanga ya wanke ki a wurin maƙwabta. In yara sun tambaya, ki ce naman gona ne. In sun ce wace dabba ce, ki ce ba a surutu ana cin abinci.

Kada ki bari zuciyarki ta tuna miki cewa awara ce yaran nan suke saye kullum a ƙofar makaranta. Irin wannan tunanin yana kashe wa uwa gwiwa.

Da Habsatu ta kawo tsiren, Zulaiha ta gutsura, ta daɗe tana taunawa, ta dubi uwar, ta dubi ƙafar uban da ke miƙe a kan matashi, sannan ta taka ƙafar ƙanenta ta ce naman gonan nan ya yi daɗi. Salisu ya ci tsinke shida yana gyaɗa kai, har ya ce da alama dabbar ba ta tsufa ba. Habsatu ta koma madafa tana murmushi, ranta fes, tana jin duk Bobiel ba mai wayonta.

Mataki na huɗu: Ki sa hannunsu cikin laifin

Yaro ba ya kushe abin da ya dafa da kansa, ko da ya ƙone. Don haka ran Asabar ki tasa su gaba zuwa lambunan Goudel a bakin kogi. Can Habsatu ta samu wani dattijo Bazabarme, Sumana, mai lambun da ba ya son a taka masa kunya. Ya bar Habibu ya tuge karoti guda da hannunsa. Yaron ya tsaya riƙe da ita yana mamaki, don shi a zatonsa a faranti ake haifar karoti. Tun daga ranar ba ya cin wata sai ya tambaya ko ta Baba Sumana ce.

Kun dawo gida, ki raba muƙamai. Bahaushe, ko na goye ne, yana son sarauta. Zulaiha ta zama shugabar wuƙa, Habibu sarkin turmi. Ki fara su da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Yamai: su tsinke ganyen, a dafa a matse, Habibu ya daka ƙuli, Zulaiha ta yanka albasa da tumatir tana hawaye tana cewa ba kuka take ba. Daga nan ki wuce dambu, da shinkafa da wake mai shu, wato kabeji, da karoti a kai, da faten kabewa. Za su zubar da rabin gari, za su sa gishiri sau biyu. Ki haɗiye fushinki. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ba a ce hannun suna gyara ta ba.

Cikin wata biyu Habibu ya fara shiga gidajen mutane yana gaya wa matan aure sun cika dafa zogale har ya mutu. Ni kaina ya gaya mini, kuma da gaskiyarsa.

Mataki na biyar: Ki kula da kanki

Ga wata hikima da ba kowa zai gaya miki ba. Ke ba ki da hawan jini, ba a kwashe ki daga ko'ina ba. Janar ɗin da ke jan yaƙi ba ya zama da yunwa. Ki samu tsohon gwangwanin madara, ki cika shi da kilishi mai yaji, ki liƙa takarda ki rubuta KANWA da manyan baƙaƙe, ki tura shi can saman kanta. Duk duniya ba mai buɗe gwangwanin kanwa don marmari.

Haka Habsatu ta yi. Da hantsi, maigida na wurin aiki, yara na makaranta, sai ta turo ƙofar madafa, ta ɓalli kamar tafin hannu, ta ci a tsaye, ta bi da kanumfari don kashe ƙamshi. Wani lokaci zuciyarta kan ɗan sosa ta, musamman in ta tuna yadda Salisu ke kau da kai in sun wuce mai tsire. Sai ta ce wa kanta ai wanzami ba ya son jarfa, ta ƙara ɓalla.

Mataki na shida: Ki sakar musu madafa

Wata uku sun cika. Salisu ya koma asibiti, likita ya auna ya sake aunawa, ya ce jinin ya sauka, a ci gaba da abin da ake yi. Ya dawo gida sanye da takalminsa sau ciki, wanda rabonsa da shi tun ranar da ya faɗi. Yara suka ce ran Lahadi su za su yi abincin rana su kaɗai, Mama ta huta. Ki yarda. Wannan shi ne kambin nasararki.

Sai dai ki tambaye su abin da za su dafa. Habsatu ba ta tambaya ba. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya tana taɗi da ni ta saman katanga, tana ba ni labarin yadda ake juya yara. Su kuwa ɗan wake suka zaɓa. Ɗan wake kuma, kamar yadda ita da bakinta ta koya musu, ba ya yi sai da kuka da kanwa. Tata kanwar ta gaskiya tana ƙulle a leda cikin wata tsohuwar tukunya. Zulaiha kuwa ƴar makaranta ce, ta iya karatu, kuma ta iya hawa kujera.

Mataki na bakwai: In an kama ki, ki ci gaba da ci

Suka fito da abinci, kowa da kwanonsa. Ɗan wake ya yi kyau, ga shu, ga tumatir, ga yaji. Na Habsatu ya fi na kowa tudu. Ta ci rabi ta ce ta ƙoshi, Allah ya yi albarka. Habibu ya tura mata kwanon, fuskarsa ba alamar wasa.

"Mama, ki cinye. Nama na ƙasa."

Ta yi dariya, ta sa cokali, cokali ya daki wani abu. Ta yaye ɗan waken, sai ga kilishinta shimfiɗe a ƙasan kwano, jajir da shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta fara cewa na baƙi ne, ta koma ta ce magani ne, ta ƙare da cewa ita ma ba ta san yadda aka yi kanwa ta zama haka ba.

Zulaiha ta bari ta gama, sannan ta matso ta rage murya, wai don kada uban ya ji, alhali yana zaune kamu biyu da su.

"Mama, mu tun ran farko mun san awara ce. Mun ji ki kina kuka a waya kina gaya ma ƴar'uwarki Tanti abin da lokotoron asibiti ya ce. Muka yi shawara mu yi shiru, don Baba shina tsammani nama ne."

Salisu ya ajiye cokali.

"Ni? Jikan mahauta? Wallahi ko a mafarki aka ba ni awara na san ta. Don ku nike gyaɗa kai, kar ku gane."

Nan fa kowa ya dubi kowa. Wata uku gidan nan ana yi wa juna ungulu da kan zabo, kowa na lallaɓa ɗan'uwansa. Habsatu ta so ta yi dariya a wuce wurin, sai Zulaiha ta ƙara da cewa ko ran sunan gidan maƙwabta, da aka ba Habibu soyayyen nama har tsoka uku, mayarwa ya yi. Uwar ta tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali.

"In na ci, Baba zai ji ƙamshi a hannuna, shi ji kwaɗayi. Ni ba ni so shi kwanta kamar Kaka."

Kunya ta rufe Habsatu, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban surukai. Yaro ɗan shekara bakwai ya mayar da tsoka uku, ita kuwa da girmanta tana laɓe bayan ƙofa da kanumfari. Hawaye suka zubo mata, kuma ba albasa a kusa da za ta ɗora wa laifi. Ta jawo yaron ta rungume. Ana cikin haka hannun Salisu ya fara tafiya a hankali ta bayan tabarma wajen kwanon. Zulaiha ta kama shi a wuyan hannu ba tare da ta ko waiwaya ba.

Habsatu ta tashi, ta juye sauran kilishin gwangwanin a kan na kwanon, ta miƙo mini ta saman katanga, ta ce in yi nisa da shi. Maƙwabtaka haƙƙi ce, ban iya ƙi ba.

Hattara

Mai wannan nasiha ba ta ɗauki alhakin komai ba. In yaranki sun zama masu binciken jakar kasuwarki, ko suna shinshina bakinki in kin dawo daga biki, ko ɗanki ya tsaya gaban surukarki ya ce miyarta ta cika mai, ke kika kai su madafa, ba ni ba. In mijinki ya warke ya samu ƙarfin yi miki gardama, ki kuka da likita. Abu ɗaya kawai zan iya yi miki don zumunci: in kina da gwangwanin kanwa a saman kanta, kada ki jira ran ɗan wake. Ki miƙo shi tun yau, katangata ba ta da tsawo.