Kifin Farko na Mista Geddes

Allah ya yi wa ƙauyenmu Balcraggan gata iri-iri. Ya ba mu kogi, ya ba mu duwatsu, ya ba mu sanyin da ke sa mutum ya tuba ko bai yi laifi ba. Amma babban gatan shi ne ranar da ya ɗauko Mista Lachlan Geddes daga birnin Glasgow ya dire shi a gidan da ke jikin nawa. Kafin zuwansa, mu nan arewacin Scotland kama kifi kawai muke yi mu ci. Sai da ya zo muka gane ashe tun kaka da kakanni cikin jahilci muke kama shi.

Kafet ya sayar a birni shekara talatin da biyar. Ya yi kuɗi, ya yi tumbi, ya ajiye aiki, sannan ya zauna ya karance littattafai goma sha ɗaya a kan kamun kifi da ƙudan gashi. Abin dai ƙugiya ce a naɗe ta da gashin tsuntsu da zare, a wurga ta kan ruwa, kifi ya zaci abinci ne. Iyayenmu da gashin zakaran gida suke yin nasu. Shi kuwa daga ƙasashen waje ake kawo masa, a cikin akwatin katako mai ɗakuna-ɗakuna, kowane ƙuda da sunansa kamar 'ya'yan gidan sarauta. Waɗanda akwatin bai ɗauka ba sai ya sossoke su a hula. In ya taho daga nesa sai ka rantse kaza ce ta yi hatsari a kansa. Ganin wannan kwarjini ya sa muka naɗa shi Sarkin Ruwa. Mata sun fi son Farfesan Ƙudaje.

Mutum ne mai himma, ban da hassada. Kullum ƙarfe bakwai na safe yana tsakar ciyawar gidansa, sanye da wandon roba har ƙirji, yana koyon wurga zare. Ruwa mafi kusa da shi na famfo ne, amma bai taɓa fita ba wandon ba. Kuma kada wani ya ce bai taɓa kama komai ba, ni shaida ne. Ya kama bishiyar tuffa sau ba adadi. Ya kama dogon wandona na ciki daga kan igiyar shanya, ya jawo shi ta saman shinge yana ta fama da shi kamar mai rai. Ya kama kunnensa na hagu sau biyu, na biyun sai da likita ta sa almakashi.

In ya gaji sai ya jingina da shinge ya yi mini karatu kyauta.

"Maƙwabci," in ji shi, don shekara uku bai riƙe sunana ba, "wurga zare ba ƙarfi ba ne, ilimi ne. Dubi hannuna kamar hannun agogo. Ya tashi daga ƙarfe goma, ya tsaya a ƙarfe biyu. Ku mutanen nan Allah ya ba ku kogi, amma ya hana ku fahimtarsa. Na ji ma akwai masu sa tana a ƙugiya. Tana! Mutumin da zai yi wa kifi tayin tana, in ka ba shi dama, mahaifiyarsa ma zai sayar."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ina da gwangwanin tana a aljihu lokacin.

Abu ɗaya ne ya hana wannan babban mutum barci, wato allon da ke rataye a mashayar ƙauyenmu. Kowace shekara ranar sha ɗaya ga Fabrairu ake buɗe kogi, kuma duk wanda ya fara kama kifin salmon sabon shigowa daga teku, ana rubuta sunansa a allon nan da ruwan zinariya. Sunaye sun cika shi tun zamanin kakana. Akwai mahauci, akwai mai raba wasiƙu, akwai wani da ko sunan nasa bai iya karantawa ba. Dod Rennie mai gadin kogi yana ciki sau tara. Babu Geddes. Shekara uku yana shiga mashayar yana zama ya ba allon baya, wai hasken taga ne ke damun idonsa.

A shekara ta huɗu ya yi shela. Ya tsaya a tsakiyar mashaya ya ce bana kimiyya za ta yi magana. Ya sa mai fenti ya zo da ma'auni ya duba ko layi ɗaya zai ɗauki "Lachlan Alasdair Geddes", don ba ya son a taƙaita shi. Ya kuma aika wa tsofaffin abokan kasuwancinsa na Glasgow katin gayyata, su zo cin kifin nasara ranar Asabar.

Ranar ta zo da ƙanƙara. Kamar kullum, mai busa algaita ya ja mu har bakin ruwa, aka zuba wa kogi kofin wuski don ya yi mana kirki. Sarkin Ruwa ya ƙi na ƙungiyarmu ta masu kamun kifi, ya fito da kwalbarsa daga aljihu, ya ce kogi irin wannan bai cancanci mai araha ba. Ya tsiyaya rabinta muna kallo. Na ga dattawa biyu sun kau da kai, idonsu ya kawo ruwa. Sannan ya yi jawabi a kan dangantakar ɗan Adam da kifi, har sai da leɓen mai algaita ya daskare.

Aka watse, kowa ya nufi inda ya saba. Shi kuwa ya wuce duk wuraren da ruwa ke gudu, ya zaɓi kwanar nan ta bayan coci, inda ruwa ke kwance shiru kamar kunun da ya huce. Ya ce lissafinsa ne ya nuna masa wurin. Lissafin bai yi ƙarya ba, akwai kifi a ciki, har da yawa. Sai dai ko tumakin ƙauyenmu sun san irin kifin da ke kwana a nan cikin Fabrairu. Su ne waɗanda suka hau kogi tun kaka, suka zuba ƙwai, suka yi hunturu ba ci, yanzu suna gangarawa teku a hankali don su farfaɗo. Kelt muke ce musu. Fatarsu takan koma fara ƙal tana ƙyalli kamar ta sabon kifi, amma ciki ba komai. Doka ta ce in ka kama ka mayar, kuma kashe shi abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Duk wannan yana cikin littattafansa goma sha ɗaya. Na taɓa ganin babin. Ya ce na masu koyo ne, ya tsallake.

Ina kusa da shi, don ni ba na son abin arziki ya wuce ni. Wajen ƙarfe goma da rabi, bayan ya kama reshe biyu, sandarsa ta lanƙwasa. Daga baya ya ce minti arba'in suka yi suna gumurzu. Ni dai na kunna taba kafin kifin ya ciza, kuma ban gama ta ba ya iso bakin gaɓa, a kwance ta gefe, kamar jiƙaƙƙiyar safa. Dogo ne kam. Kai babba, jiki siriri, wutsiya a yayyage. Sarkin Ruwa ya zaro ɗan kulkinsa mai kan tagulla.

Allah shaida, na buɗe baki. Sai ya ɗaga mini hannu.

"Maƙwabci, kada ka ce komai. Akwai lokacin da ya kamata mutum ya yi shiru ya koya."

Na yi shiru na koya. Ya ba kifin kulki uku a ka.

Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya sa abinsa a jaka ya tafi mashaya ta bayan gida. Amma ɗaukaka ba ta son ɓuya. Ya sa aka nemo mai algaita daga inda yake jin ɗumi, ya rungumi kifin a hannu biyu kamar jariri ranar suna, aka kama babban titi. Mai algaita ya dubi kifin sau ɗaya, ya dube ni, ya rufe ido ya ci gaba da busa. Mutane suka fito ƙofa. Ba wanda ya ce uffan, mu nan ba ma katse wa mutum hanzari. Sarkin Ruwa ya tsaya gaban shagon mahauci don a gani da kyau. Mahaucin ya goge hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tsawo kam akwai shi, Mista Geddes."

"Tsawon asali ke nan," in ji Sarkin Ruwa. "Kifin kirki ba ya tara teɓa."

Da muka zo daidai gidansa, matarsa Ishbel ta leƙo ta taga. Ita 'yar masunta ce daga bakin teku, a cikin ƙarnin kifi ta girma, amma shekara arba'in ke nan bai tambaye ta komai a kai ba.

"Lachie," ta ce a hankali, "shigo da abin nan gida. Ta ƙofar baya."

"Kun ji ta ko? Kunya gare ta, ba ta son taro. Ishbel, goge babban faranti, Asabar muna da baƙi."

Ta ja labule.

Mashaya ta cika kafin mu isa, har da waɗanda likita ta hana su shiga. Ya shimfiɗa kifin a kan tebur ƙarƙashin allo, karo na farko da ya fuskanci allon nan ido da ido. Ya cire hula, ya gyara murya.

"Jama'ar Balcraggan, ban zo don in kunyata kowa ba. Kun yi iya ƙoƙarinku da abin da kuka gada. Amma yau an ga bambancin mai dogara da sa'a da mai dogara da ilimi. Na karanci ruwan nan kamar jarida. Na san inda kifi yake, na san abin da yake so, na san abin da yake tunani. Wannan da kuke gani, jiya war haka yana cikin teku. Ku matso ku shaƙa, har yanzu gishiri na jikinsa. Duk mai son darasi, ƙofata a buɗe take Talata da Alhamis."

Yana cikin haka Dod Rennie ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗa. Dod ya haura saba'in, kuma kalmominsa na mako ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Aka dare masa hanya. Ya danna cikin kifin da babban yatsa, yatsan ya lume kamar a tsohon matashi. Ya ɗaga murfin kumatunsa, sai ga ƙananan tsutsotsi manne a ciki, irin waɗanda ba sa kama kifi sai ya yi watanni a ruwan kogi.

"Mista Geddes," in ji Dod, "wannan baiwar Allah tun Nuwamba ta haihu. Gida za ta koma."

Can daga wajen murhu wata tsohuwa ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe da mai jego ya yi dambe." Mai algaita ya fita waje da sauri, muka ji shi yana tari a jikin bango.

A nan ne ake gane manya. Da wani ne, da ya nutse a ƙasa. Sarkin Ruwa kuwa kunnuwansa kawai suka yi ja, har da mai tabon.

"Na sani mana," ya ce. "Tun a ruwa na gane ta. Gwada ku nake yi, in ga ko akwai mai ido a garin nan. Abin takaici, sai da muka ratsa titi gaba ɗaya kafin a samu mutum guda."

"To mun ci jarrabawa," in ji Dod. "Kawo takardar izininka ta kamun kifi."

Haka ƙa'idar ƙungiya take, wanda ya kashe kelt ya huta sai baɗi. Ya miƙa takardar kamar mai ba da lambar yabo. Kifin farko na gaskiya da la'asar ya fito, a hannun Effie Duthie, gwauruwar da ke share coci, da ƙudan da ta ɗaure da gashin wutsiyar karenta. Sunanta gajere ne, mai fenti bai sha wahala ba. Baƙin Glasgow sun zo ranar Asabar a mota biyu, Ishbel ta dafa musu naman rago da dankali, aka gaya musu maigida ya yafe wa kifaye bana saboda tausayi.

Da bazara ƙungiya ta buga sabuwar taswirar kogi don baƙi masu zuwa kamun kifi, kowane wuri da sunansa. Wurin nan na bayan coci bai taɓa samun suna ba, amma tun ranar ba wanda ke kiransa da komai sai Kwanar Geddes, don haka aka buga shi haka. Mun zaci zai yi fushi. Ya sayi guda ashirin. Ya sa ɗaya a gilashi ya rataye a falo, sauran ya aika Glasgow.

"Maƙwabci," ya ce mini ta saman shinge, "allo na mashaya ne, hayaƙin taba ke cinsa. Taswira kuwa ta tarihi ce. A ƙarshe dai mutanen nan sun san wanda ke cikinsu."

Mun sani kam. Jiya na ji wasu baƙi biyu sun tare Dod a kan gada da taswirar a hannu, suna tambaya ko Kwanar Geddes wurin kirki ne, tunda har an sa mata sunan mutum. Dod ya dubi ruwan, ya dube su.

"Ku wuce ta," ya ce. "Abin da ke kwance a nan ƙyalli ne kawai, ciki ba komai."