Rasuwar Bel ɗin Eusebio a Ƙarƙashin Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu naɗe da bandeji, Eusebio Pedroso na bayan tashar jirgin ƙasa a garin Cárdenas yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bel ɗinsa na fata, wanda ya tsinke gida biyu ranar Alhamis, yana bakin aiki.

Marigayin fatar sa ce zalla, gado daga mahaifin Eusebio. Ya riƙe wando a biki da makoki. Ya ladabtar da yaran gidan ba tare da ya taɓa jikinsu ba, domin "tas!" ɗaya a kan tebur ta wadatar. Amma an fi saninsa da kwance filtar baƙin mai. Da an naɗa shi an ja, sai ya yi "ƙiii", filta ta saki.

Ranar Asabar jikar Eusebio, Yanisleidy, za ta cika shekara goma sha biyar, za a yi mata biki. Tun tana rarrafe ya yi mata alkawarin zagaya gari da ita ranar a buɗaɗɗiyar motarsa ƙirar 1953. Don haka ya tsiyaye tsohon mai, ya kai hannu ga filta, ta ƙi motsi. Ashe ƙanin matarsa, Reinaldo, ne ya ɗaura ta bara. Ta tarakta ce, haƙoranta ba su dace ba, ya shigar da ita da guduma, ya ja bakinsa ya yi shiru.

An fara da sukudireba. Eusebio ya soka ta a cikin filtar ta ɓulla ta ɗaya gefen, ya murɗa. Gwangwanin ya yage, ya tsage masa tafin hannu, jini da mai suka haɗu a ƙasa. Aka sa guduma, ta kuskure filta ta sami babban yatsa. Sai a lokacin aka kira marigayin, aka naɗa shi a kan yagaggen ƙarfe, aka zura masa bututu don a murɗa, Eusebio da Reinaldo suka kama.

"Ja mana, tsoho, ko ba ka ci wake ba yau?" in ji Reinaldo.

"Rufe mini baki, makashin motoci."

Marigayin ya yi "ƙiii" irin wadda aka saba ji, ya ƙara wata doguwa wadda ba a taɓa ji ba, sannan "fat!" Ƙarfen kan bel ɗin ya tashi ya sami Reinaldo a baki, ya tafi da haƙorin gaba. Migdalia, matar Eusebio, ta leƙo ta taga ta dubi ƙaninta.

"Ɗaya kawai ya cire?"

Wadda ta yi kisan tana nan maƙale a jikin injin har yanzu. Injin babu mai, ba kuma zai tashi ba. Da Yanisleidy ta dawo daga gwajin riga, ta daɗe tana kallon ƙafafun kakanta da suka leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Kaka, kai fa ka ce."

"Na ce. Za ki hau."

Marigayin ya bar wanduna uku marasa mai riƙe su, da wata igiyar shanya da ake ƙoƙarin ɗora wa nauyin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma, haɗe da bikin. Gawar za ta kwanta a kujerar gaba, Yanisleidy a saman kujerar baya cikin rigarta. Za a tashi daga ƙofar gida, a bi ta gaban coci, a sauka bakin teku. Ba a buƙatar furanni. Ana roƙon maza su zo da takalman da ba sa santsi, domin turawa za a yi. Eusebio zai riƙe sitiyari, tunda ba ya iya turi da hannu ɗaya riƙe da wando. An ware wa Reinaldo tsakiyar bayan motar, har hawan tudun dawowa.