Baƙin Liman Ɗahiru

Ranar Juma'ar da ta wuce na bar layin mai babu ko ɗigo a tanki, na turo babur tun daga titin Zoo har Gyaɗi-Gyaɗi, buhun gero a ɗaure a baya, gumi har cikin takalmi. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun damu da lafiyarmu, shi ya sa suka ƙirƙiro mana wannan motsa jiki.

Geron na masallacin layinmu ne. Wasu iyalai ne suka sauka a wani kango da ke bayanmu, fari ya cinye gonakinsu, 'yan bindiga suka ƙone abin da ya rage. Liman Ɗahiru ya ce kowa ya riƙa kawo abin da ya sawwaƙa, matan wani coci ma suna aiko da sabulu da barguna. Babbar cikin iyalan nan Inna Hajara ce, tsohuwa mai jikoki rututu, wadda in ta gaishe ka sai ka ji kunyar ƙorafin da kake yi a kan wutar lantarki.

A bakin kangon na tarar da wani mai babbar riga, wakilin Mai Girma Sarkin Almakashi, wato babban yankinmu, wanda ko kwata aka yashe sai ya zo ya yanka ƙyallen buɗewa.

"Malam, ina za ka da wannan?"

"Wajen 'yan gudun hijira, ranka ya daɗe."

"A'uzubillahi! Mai Girma ya faɗa a rediyo babu ɗan gudun hijira ko ɗaya a yankin nan. Ka fi rediyo sani ne? Duk wanda muka samu da wannan suna, mota za ta mayar da shi garinsu, tunda can ma an ce lafiya lau."

Inna Hajara tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta jawo jikarta jikinta. Wallahi da bakina na jawo musu.

Sai ga Liman, yana jan carbi ba ya gaggawa. Ya saurari bayani ya ce, "Wa ya ce 'yan gudun hijira ne? Baƙina ne. Ko an hana yin baƙi a Kano?"

Wakili ya ture hula ya sosa ƙeya. Rediyo dai ba ta ce komai a kan baƙi ba. Na tura babur na wuce.

Kafin la'asar layin gaba ɗaya ya gano dangantaka. Sa'adatu mai ƙosai ta rantse Inna Hajara ƙanwar kakarta ce. Shehu mai faci, wanda kowa ya san iyakar tafiyarsa Darmanawa nan kusa da mu, ya ce tare suka yi kiwo da mijinta.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji ta masu addini za ta kawo manyan motocin abinci ta hannun Mai Girma, amma sai ta ga 'yan gudun hijirar da idonta. Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Abin da babu shi ranar Juma'a, jiya an wayi gari ana nemansa ruwa a jallo. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru masu taushi, aka kira makaɗa. Lemon da 'yan rakiya suka sha kaɗai ya isa ya riƙe kangon har girbi.

Mai Girma ya sauko yana ƙamshi, almakashi a kan faranti. Wakili ya kawo Inna Hajara gaban kyamara, ya raɗa mata, "Ki ce ku 'yan gudun hijira ne, kuna godiya."

Ta dubi motocin abinci, ta dubi motocin Mai Girma. Ba ta san wacce za ta ɗauke ta ba in ta faɗa. Ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙin Liman ne."

Aka tambayi na kusa da ita, baƙi. Aka tambayi Sa'adatu, ta fara lissafo kakanni. Shugabar ƙungiyar, wata Hajiya mai tabarau da ba ta yi kama da mai son kiɗa ba, ta leƙa kangon ta fito, ta ce, "To ina Limamin?"

A ƙofar masallaci aka sauke buhunan, har da babur ɗina a 'yan dako. Mai Girma ya zauna a rumfa shi da almakashinsa, babu abin yankawa. Ni har tausayi ya ba ni.

Inna Hajara ta fi ni tausayi. Ta miƙo min kofin kunu ta ce, "Ɗan nan, kai wa wancan bawan Allah. Shi ma baƙo ne, tunda muka zo ban taɓa ganinsa a layin nan ba."

Ban gaya mata ba, amma mu da aka haifa a layin, mu ma jiya muka fara ganinsa.