Ranar da Surukata Ta Sa Farin Hijabi

Kafin in kunna fim ɗin, sai da na yi wa matata Habiba lacca. Na ce a fim ɗin ban tsoro mace aikinta biyu ne: ko ta yi ihu ta faɗi, ko ta fito da fararen kaya tana tsorata mutane. “In kin ji tsoro ki riƙe hannuna,” na ce, ina gyara zama.

Na manta surukata ta zo daga Iware. Bafulatana ce mai kunya, ba ta ɗaga murya a gabana. Ta idar da la'asar ta kawo mana kindirmo, ta yi sallama can ƙasa-ƙasa, ƙarar fim ta danne. Sai ta tsaya bakin labule da farin hijabi, shiru.

Na waiga. Ihun da na yi har maƙwabtanmu na Barade sun leƙo. Ban san lokacin da na shige bayan Habiba ba.

“Maigida, Inna ce,” ta ce, tana shafa min baya.

Har yau in Inna ta zo, daga ƙofar gida take tari, ta ce, “Habiba, riƙe masa hannu, zan shigo.”